Bangon da Shanu Suka Lashe

A wani ƙauye da ke bakin fadama an yi wani mutum, manomi ne, mai ƙarfi, mai zafin nama, wanda in ya kama aiki ba ya so rana ta faɗi bai ga ƙarshensa ba. Ba malalaci ba ne, kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Aibinsa guda ne: duk hanyar da ta fi kusa, a wurinsa ita ce ta fi daidai.

Mutumin nan yana da yaya mace, gwauruwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya ƙanana, da gona ɗaya, da farin bijimi ɗaya. Shi kuma yana da jan bijimi. Kowa kuwa ya sani sa ɗaya ba ya jan garma, sai an haɗa biyu a karkiya. Saboda haka bayan an gama zaman makoki, sai matar ta jawo farin da igiya har ƙofar gidan ƙanenta, ta ce, "Auta, ga shi nan. Ni ba ni da mai kiwo, ba ni da mai tsaro. Ka haɗa shi da naka. In ruwa ya sauka ka huɗe gonarka, ka huɗe tawa. Abin da uban yaran nan ya bari ke nan. Bayan Allah, a wuyan san nan tuwonmu yake rataye."

Ya karɓi igiyar ya ce, "Yaya, ki ɗauka a cikin ɗakinki yake kwana."

Shekara biyu abin yana tafiya daidai. Shanun suna ɗaure a turke, ƙarƙashin rumfar kara a bayan gida. Da damina su huɗe gonaki biyu, da kaka rumbuna biyu su cika. Sai dai rumfar ba ta tare ruwa. In aka yi kwana uku ana zuba, shanun sai su tsaya cikin taɓo har gwiwa, kofato ya fara wari, ƙuda ya dame su. A shekara ta uku kuma aka ji labarin an kwance wa wani mutum shanu a ƙauyen gaba. Sai mutumin ya ce a ransa, "Zan gina musu ɗaki na ƙasa, mai rufi da ƙofa, irin wanda ba a taɓa yi wa dabba ba a ƙauyen nan." Niyya ce mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba.

To, ginin ƙasa ba ya son mai gaggawa. Sai an haƙo ƙasa an tara, a zuba mata ruwa, a shiga da ƙafa a yi ta takawa, a yayyanka busasshiyar ciyawa a cuɗa a ciki don ta riƙe, sa'an nan a rufe ta a bar ta ta kwana uku ta tsima. Bayan haka a dinga cura ta da hannu, ana ɗora curi bisa curi, ana dannawa, har sahu ɗaya ya zagaya, tsawon kamu guda. A tsaya nan. Sai sahun ya sha rana ya bushe kafin a ɗora masa wani. Gindi da kauri, sama da sirantaka. Haka kakanni suka yi, haka kuwa ɗakunansu suka binne su suka saura a tsaye.

Amma kafin dukan wannan akwai maganar inda za a ɗebo ƙasar. Ƙasar gini ta ƙauyen, jar ƙasa mai danƙo, tana can ƙetaren rafi, a gindin tudu. Jaki mai lafiya in ya yi sawu huɗu a yini ya yi ƙoƙari. Mutumin ya yi kwana biyu yana jigila. Da yamma ta biyu ya tsaya ya dubi abin da ya tara, ga shi bai fi tsibin gyaɗa ba. Ya dubi jakin, yana ɗingishi. Ya dubi kududdufin da zai ɗebi ruwan kwaɓi, kullum baya yake ja.

A bayan dangarsa kuwa, taku kaɗan, a bakin fadama, akwai wata ƙasa fara-fara, mai laushi, wadda ko da hauyar mace za a haƙa. Ya san wurin sarai. A nan ne shanun makiyaya masu wucewa sukan tsaya su sunkuyar da kai suna lasa, sai an sa musu sanda suke gaba. A rana ta uku bai ɗaura wa jaki mangala ba. Ya ɗauki kwando ya zagaya baya. Kafin rana ta take, ya tara abin da ya ninka na kwana biyu sau uku.

Yana cikin taka kwaɓi, laka har ƙwauri, sai ga kawunsa, wan mahaifiyarsu, yana tafe yana dogara sanda. Tsohon nan magini ne tun yana saurayi. Rabin ɗakunan ƙauyen hannunsa ne, gwiwa ce ta sauko da shi daga kan bango. Bayan sun gaisa, tsohon ya tsuguna da ƙyar, ya tsinci ƙasar da yatsu biyu, ya murza, ya sansana, sa'an nan ya ɗora a harshe, yadda maginan zamanin da suke yi kafin su yarda da ƙasa. Ya tofar.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, daga ina ka ɗebo wannan?"

"Nan baya, Kawu."

"Na ji a bakina. Kanwa ce da gishiri. Ɗaki za ka gina wa shanun, ko miya za ka kaɗa musu?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ƙasa ai ƙasa ce. Dubi yadda take kama hannu, kamar man shanu."

Tsohon ya ce, "Ka yi rumbu da ita, ba ni da magana, dawa ba ta da harshe. Ka yi ɗakin kwananka da ita, kai ka sani, ba na zaton za ka tashi kana lasar bango, ko da yake 'ya'yan yanzu ba a rantse musu. Amma sa? Harshen sa magagari ne. Tun daga kaka har faɗuwar ruwa ba shi da aikin fari ba shi da na baƙi. Za ka kulle shi da abin da ya fi so a duniya, ka ja ƙofa, ka ce masa ya zauna lafiya?"

"Zan yi mata yaɓe da jar ƙasar nan ta ciki. Ba za su kai gare ta ba."

"Yaɓe riga ce. Sa zai tuɓe ta."

"Kawu, dubi kududdufi. Kwana goma ya rage ya ƙafe. In na tsaya jigilar jar ƙasa, ginin nan sai baɗi."

"To, sai baɗi mana! Shekara biyu suna rumfa, wanne ya mutu?"

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "To, na ji, Kawu." Kun dai san irin wannan "na ji". Ita ce wadda ake faɗa wa babba don ya ɗauki sandarsa ya tafi. Tsohon ma ya san ta, ba yau aka fara yi masa ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya yi taku biyu, sa'an nan ya waiwayo ya ce, "Farin dai ba naka ba ne." Ya wuce.

Mutumin ya ci gaba da gininsa. A faɗi gaskiya, duk sauran ƙa'idodin ya cika su. Ya taka ƙasar har ta yi danƙo, ya zuba ciyawa wadatacciya, ya bar ta ta tsima, bai ɗora sahu kan ɗanyen sahu ba. Da bango ya kai, ya jera azara, ya shimfiɗa kara, ya zuba ƙasa mai kauri a kai ya daɓe, ya kafa indararo. Da aka zo yaɓe sai ya ga jar ƙasar da ya ɗebo ba za ta ishi ciki da waje ba, fuska ɗaya kaɗai za ta yi. Ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa. Zuciyar ta ce masa, "Ai waje ruwa yake duka." Gaskiya ce kuwa, waje ruwa yake duka. Waje ne kuma mutane suke gani, amma wannan bai faɗa wa kansa ba. Ya shafe waje da jar ƙasa, sumul, har da zane a bakin ƙofa. Ciki ya bar shi yadda yake.

Ɗaki ya fito ja wur, kamar na amarya. Masu wucewa zuwa fadama suka riƙa tsayawa suna kallo. Wani ya ce, "Shanun gidan nan sun fi ni wurin kwana." Aka shigar da su, aka kafa wa jan turke kusa da ƙofa, farin kuma can ciki, jikin bangon gabas, inda ɓarawo ba zai kai gare shi da wuri ba.

Ba a daɗe ba shanun suka canja. Suna cin harawa kamar ba gobe, suna shan ruwa kamar raƙuma, gashinsu yana sheƙi. In aka buɗe ƙofa da safe ba sa ɗokin fita, in aka kai su rafi su ne a gaba wajen komowa. Yayarsa ta zo ta gani, ta shafa wuyan farin, ta ce, "Auta, me kake ba su haka? Ko a hannun uban yaran nan san nan bai yi wannan kyau ba. Allah ya yi maka albarka." Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya ce a ransa, tsufa dai tsoro ne.

Sai ya zama wata safiya da bazara, lokacin kai taki gona, ya shiga ɗakin da kwando don ya kwashe kashin shanu. Ya sunkuya a jikin bangon gabas, idonsa ya saba da duhun, sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba, domin kullum a tsaye yake shiga, a tsaye yake fita. Daga gwiwar mutum zuwa ƙugu, bangon ya lotsa, rami bayan rami, kowanne sumul kamar cikin ƙwarya, da danshi yana ƙyalli. Ya sa hannu a mafi zurfinsu, hannun ya shige har gwiwar hannu. Ya ƙwanƙwasa, ya ji amo kamar na tulun da ba ruwa. Yana tsugune a wurin, farin ya miƙo wuya ta kan kafaɗarsa, ya zaro harshe, ya lashi bangon, a hankali, kamar saniya tana lasar ɗanta.

Mutumin ya miƙe tsaye. Kada wani ya ce bai san magani ba. Ya sani. Maganin shi ne ya kwance shanun, ya ɗaure su a inuwar itace, ya tafi wurin Kawu ya ce, "Na ƙi ji, ga shi na gani." Ke nan. Aikin da bai fi a sha kunu a tashi ba. Amma sai ya fara hango abin da zai biyo baya. Masu wucewa fadama za su ce, "Af, yaya shanu a waje, ga sabon ɗaki?" Wanda ya ce sun fi shi wurin kwana zai samu abin ba da labari a kasuwa. Ga bakin Kawu. Ga idon Yaya, wadda ta sa masa albarka.

Ya jira har rana ta take, kowa ya shige inuwa. Ya zagaya bayan danga da kwandonsa, ya haƙo ƙasar nan dai, ya kwaɓa, ya cike ramukan, ya shafe da tafin hannu. Kai, jama'a! Mutum ya ga wuta ta kama zana, ya ɗebo mai ya zuba! Ɗanyar ƙasa ta fi busasshiya daɗin lasa. Kwana bakwai shanun suka cinye cikon, suka ƙara da abin da ke bayansa. Ya sake cikewa. Suka sake cinyewa. Ya cike na uku, ya jingina tsohuwar zana a kai, suka ture ta da ƙaho.

A tsakanin nan yayarsa ta sake zuwa, ta tsaya daga bakin ƙofa saboda warin taki, ta ce, "Auta, ga gabas ta fara baƙi. Kome dai lafiya? Shanu, da ɗakin?"

Ya ce, "Lafiya lau, Yaya. Ki shirya iri kawai."

A ransa kuwa yana cewa, bari dai a gama huɗa. In an gama huɗa zan rushe gefen nan in gyara, ba wanda zai sani.

Ruwan fari ya zo, ɗan yayyafi, ya kwantar da ƙura ya wuce. Bayan kwana biyar na biyu ya zo, shi kuwa ba da wasa ya zo ba. Da la'asar hadari ya taso daga gabas da iska mai karya rassa. Mutumin yana gona yana ƙone sauran kara. Da ya ga yadda sama ta haɗe, ya tuna ko wane bango ne yake fuskantar gabas. Ya yar da abin da ke hannunsa ya sheƙa da gudu. Ruwa ya tare shi a hanya, yana dukansa kamar da tsakuwa. Ya faɗi a taɓo, ya tashi. Ya hango jan ɗakin ke nan, saura ya ƙetare gonar maƙwabci, sai ya ji ƙara kamar an sare babbar kuka.

Rufin ya sha ruwa ya yi nauyi, bangon gabas kuwa ba shi da ƙugun da zai ɗauka. Ya karye daidai inda aka lashe, rufin ya bi shi. Jan bijimin, da yake kusa da ƙofa yake, ya tsinke igiya ya fita ba ko ƙwarzane. Farin yana ƙarƙashi.

Maƙwabta suka fito cikin ruwa da fartanya da hannu, suka yi ta tono. Suka ɗaga azara biyu daga gadon bayansa. Yana da rai, idonsa a buɗe, yana numfashi da ƙyar. Aka ɗaga shi ta gaba, ƙafafun baya suka biyo kamar tsumma. Wani dattijo ya shafa bayan ya girgiza kai.

Sai ga yayarsa ta iso, zane a jiƙe, ba takalmi. Ta durƙusa a cikin laka ta kama ƙahon farin, ba ta yi kururuwa ba. Dattijon ya ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Baya ya karye. A sa masa wuƙa tun da sauran rai, kada a yi biyu babu." Ta gyaɗa kai, ta saki ƙahon, ta juya baya. Aka yanka shi a wurin.

Ruwa ya tsagaita. Mutane suka kewaye mutumin suna ba shi baki. Wannan ya ce, "Ikon Allah ne, wa ya isa?" Wancan ya ce, "Irin wannan ruwa ko dutse ya ji a jikinsa. Katangar gidana ma ta zube." Wata tsohuwa ta ce, "Yaron nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kowa ya ga ginin da ya yi." Shi dai yana tsaye yana jinsu. Ga ƙofa an buɗe masa, faffaɗa, shiru kawai zai yi ya wuce ta ciki.

Suna cikin haka sai jan bijimin ya komo, yana jan guntuwar igiyarsa. Ya ratsa tsakanin mutane, ya taka ɓaraguzan, ya tsaya daidai inda jinin ɗan'uwansa yake gudu da ruwa, ya sunkuyar da kai, ya kama lasar karyayyen bangon.

Gwauruwar ta matso ta dubi abin da yake lasa. Ta juya wani guntu da ƙafa, ta ga cikinsa a rarake. Ta ga kuma ƙasa kala-kala a manne, wata kan wata, da sawun yatsu a jiki. Macen da take yaɓe ɗakinta da kanta kowace shekara ba a koya mata gane ciko.

Ta ce, "Auta, cikon nan wa ya yi shi?"

Ya durƙusa a gabanta, a gaban mutanen da ya ji kunyarsu duk bazara. Ya ce, "Ni ne, Yaya. Sau uku. Ƙasar mai kanwa ce. Kawu ya hana ni tun ranar kwaɓi."

"Ranar da na tsaya a ƙofar nan na tambaye ka, ka riga ka gani?"

"Na gani."

Ta ce, "Ni ban roƙe ka gini ba. Da ka ce mini kalma ɗaya, da na zo da igiyata na ja shi na ɗaure a gindin tsamiyar ƙofar gidana. Ruwa ya dake shi, ai sa ne."

Kashegari ya jawo jan bijimin ya kai mata, ya ce ta riƙe a madadin nata. Ta ce, "In yi me da sa ɗaya? Mai da shi." Masu shanu kuwa kowa yana kan gonarsa, damina ba ta jiran aro. Sai mutumin ya ɗauki garmar hannu ya shiga gonar yayarsa yana huɗa, kunya bayan kunya, daga fitowar rana har faɗuwarta, har tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Aikin kwana uku na shanu ya ci masa kwana ashirin. Sai da ya gama tata ya koma tasa, lokacin dawar mutane ta kai gwiwa.

Ran da ya kai kunya ta ƙarshe, yayarsa ta kawo masa kunu a gona. Ta zauna har ya sha, sa'an nan ta ce, "Na yafe maka, Auta. Uwa ɗaya ta haife mu." Ta yafe kuwa da gaske, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Amma da kaka rumbunta rabi ya samu, nasa ko rabin bai kai ba. Kafin wata damina ta zagayo, 'ya'yan marigayin sau ɗaya suke cin tuwo a yini, shi kuwa yana gani.

Ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba, amma bari a fasa ta, don kada wani ya fita ya ce yau labarin shanu aka ba mu.

Da fari, kada kowa ya ɗora wa ruwa laifi. Ruwan nan a kan kowane rufi na ƙauyen ya sauka. Wahala da gwaji haka suke, ba sa tsallake gidan mai bi, ba sa tsallake na marar bi. Muna da saurin cewa "ikon Allah ne" a kan abin da muka yini muna rarakewa da kanmu. Ku ji tsoron wannan magana. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi ɓarna da hannunsa, ya shafa wa Ubangiji.

Bangon nan halinka ne, wanda ka gina kewaye da abin da aka ba ka amana: aurenka, 'ya'yanka, sunan gidanku, bangaskiyar da ka shaida a gaban ikkilisiya. Shanun kuwa sha'awace-sha'awacen jikinka ne. Ba a ce sa mugun abu ba ne. Allah ne ya yi shi da harshensa, in an sa shi a karkiya shi ne mai ciyad da gida. Wauta ita ce ka san abin da sanka yake lasa, ka ɗebo shi ka gina masa ɗaki da shi. Mutum ya san burkutu ta fi ƙarfinsa, ya je ya kafa teburin sana'arsa a ƙofar mai dafa ta, wai don nan ne mutane suke wucewa. Mace ta san bakinta ba ya riƙe magana, ta mai da gidan 'yan gulma wurin hutunta, wai nan ne kusa. Magidanci ya san inda idonsa yake zuwa, kullum ta ƙofar gidan nan hanyarsa take bi, wai gaisuwa ce kawai. Ka yi musu magana su ce, "Na san kaina, zan kiyaye." Wannan shi ne yaɓen. Ba a yini ɗaya ake faɗuwa ba, 'yan'uwa. Lasa ce, yau kaɗan, gobe kaɗan, ba ƙara, ba ƙura, kana ma ƙiba kana sheƙi, ana ce maka Allah ya yi albarka.

'Yar jar ƙasar da muke da ita kuwa, ina muke shafa ta? A waje. Ran Lahadi ga farar riga, ga murya a waƙa ta fi ta kowa, ga "amin" mai girgiza kwano. Wa ya taɓa sunkuyawa ya dubi cikinka daga gwiwa zuwa ƙugu? Kai kanka a tsaye kake shiga, a tsaye kake fita.

Amma duk wannan ba shi ne ya kashe farin sa ba. Ran da mutumin nan ya sa hannu a ramin, ba abin da ya mutu tukuna. Allah cikin jinƙansa ya nuna masa, ya kuma ba shi bazara guda cur. Sau uku aka nuna masa, sau uku ya ɗebo abin da ya jawo ɓarnar ya toshe ɓarnar da shi. Haka muke cike ƙarya da ƙarya. Haka mai sha yake ƙara sha don ya manta ya sha. Kunya ce ta hana shi zuwa wurin wanda ya san gini, kunyar kuwa ba ta tsere masa ba. Ta jira shi a cikin laka, a gaban ƙauye duka, da jini a ƙasa.

Ku lura kuma da wanda bangon ya danne. Jan, na mai laifin, ko ƙwarzane bai yi ba. Na gwauruwa ne ya mutu, marayu ne suka kwana da yunwa. Mai cewa "raina ne, ina ruwan wani" maƙaryaci ne. Ba wanda yake zaune a ɗakinsa shi kaɗai. Akwai wanda aka ɗaure a jikin bangonka, bai san kome ba, ya amince da kai. Kada kuwa ka yi tsammani sha'awarka za ta ga ɓarnar ta yi nadama. Kun ga abin da jan ya yi a kan jinin ɗan'uwansa.

Gafara tana nan. Almasihu bai taɓa korar wanda ya durƙusa ya ce "ni ne" ba, ko da a cikin laka ya faɗa, ko da bayan rufi ya zube. Amma gafara ba ta ta da farin sa ba. Abin da ake roƙonku shi ne ku faɗi "ni ne" ɗin nan tun bango yana tsaye. In ka san akwai rami a naka, kada ka ce sai an gama huɗa. Ka je yau wurin Ubangiji, ka je wurin dattijon da zai faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, ka je wurin mai amanar ka ce ya zo da igiyarsa. Masu wucewa za su yi tambaya, su yi ta yi. Bakin mutane bai taɓa karya wa sa baya ba.